Magarya da Dungas a jajibirin wasan Mena

Duk wanda ya tashi daga tashar Damagaram ya miƙi gudiron kudu, kafin ya ci kilomita 90 da ƴan kai zai iske kansa Magarya. Ni ma hanyar da na bi ke nan ran Juma'a 10 ga watan Oktoba na 2025, saura kwana biyu ƙungiyar ƙasarmu ta ƙwallon ƙafa, wato Mena, ta kara da Zambiya a birnin Ndola. Harkar gyaɗa ce ta kai ni, amma zancen balo ne ya riƙe ni, har na kwana uku tsakanin Magarya da Dungas. Abin da na gani da wanda na ji shi ne na ce bari in kawo muku, don akwai darasi ciki ga duk mai jiran ranar da Mena za ta sake shiga fili.

Hanyar kudu

Lokacin kaka ne. Tun daga Dogo gonaki sun yi fari, an yanke gero, dammuna na jere bakin hanya, amalanken shanu na kai da kawowa. Da aka gangara wajen Bande sai ƙasa ta sake kama: ga fadamun Korama, ga rake ya yi kore shar, ga goriba da giginya, ga gawo ko'ina cikin gonaki. Manoman wannan yanki, su da na Matamai da Mirya, sun yi suna wajen barin ƙananan gawo su tashi cikin gona maimakon a sare su, har baƙi daga ƙasashen waje na zuwa ganin yadda ƙasar da aka ce hamada za ta cinye ta koma da itatuwa.

Cikin motarmu akwai wani Alhaji mai fataucin wake, da wani mushen lakwal da ke komawa wurin aikinsa, da mata biyu masu goyo, da ɗan kamasho wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ne ya tada zancen. Ya ce:

— Mushe, shekaranjiya mun ba Kwango kashi 3 da 1. Jibi kuma sai Zambiya.

Mushe ya gyara tabarau ya ce:

— Ƙanena, bi sannu. Zambiya ba kanwar lasa ba ce. Su ne suka ɗauki kofin Afirka a 2012, shekarar da mu muka fara leƙa gasar, muka dawo ba maki ko ɗaya. Kuma a gidansu za a buga.

Alhaji, wanda na zaci barci yake, ya buɗe ido ya ce:

— To mu ina namu gidan yake?

Motar ta yi tsit. Wannan tambaya ta Alhaji ita ce ta bi ni har ƙarshen tafiyar.

Magarya, gari mai fuska biyu

Magarya tsohuwar alƙarya ce wadda sarautarta ke da tushe a Daura. Zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA ke saye, nan ne ɗaya daga cikin manyan wuraren ciniki na ƙasa, har akwai masana'antar mai ta SEPANI, wadda dattawa ke ba da labarinta har gobe. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum 577,743, ta Dungas kuma 353,867. In an haɗa, ƙasar ta kusa mutum miliyan ɗaya tun wancan lokaci, kuma galibinsu yara ne da matasa.

Daga Magarya zuwa iyaka ɗan taƙi ne. An wuce Tinkim, an gaisa da ƴan duwan da jandarmomi, sai Babban Mutum, sai Ɓaɓura, sai Kano. Kano ba ta kai kilomita 200 daga nan ba, Yamai kuwa ta kusa 1,000. Cikin kasuwa ana ciniki da sefa, ana yi da naira, mai tebur na lissafin canji da ka ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Aure, zumunta, karatun allo, jinya, fatauci, duk sun ratsa wannan iyaka tun kafin Turawa su ja ta. To, ƙwallon ƙafa ma haka.

Da la'asar na zaga filin da yara ke bugawa bayan gari. Ƙura ta tashi, duwatsu biyu su ne raga, rabin ƴan wasan ba takalmi. Na tsaya ina duban rigunan da suka sa. Na ga ta Barcelona, na ga ta Real Madrid, na ga ta Chelsea da Arsenal, na ga kore da fari ta Super Eagles mai sunan Osimhen a baya, na ga ta Kano Pillars guda biyu. Rigar Mena ɗaya tak na gani, ita ma ta koɗe. Na kira yaron na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce:

— Baba, yayana ne ya kawo min daga Yamai. Nan kasuwa babu ita.

Ƴan kasuwa masu karatu, wannan magana taku ce. Kayan da ke shigowa Magarya daga Kantin Kwari suke fitowa, kuma ɗan Kwari abin da ke tafiya a Kano yake sarowa. Yaro bai ƙi ƙasarsa ba, abin da ya iske rataye a rumfa shi ya saya.

Daren fada

Bayan isha'i wani abokin cinikina ya kai ni fadarsu. Wanda ya san ƙasar Damagaram ya san fada: tabarma, butar shayi bisa gawayi, radiyo, da gardama wadda ba ta ƙarewa sai dare ya raba. A wannan dare fadar ta koma majalisar lissafi. Wani ma'aikacin baitulmali ya ɗauko takarda yana zana wa jama'a yadda al'amarin yake.

Ga yadda ya shimfiɗa shi. Afirka na da rukuni tara a share fagen kofin duniya na 2026. Na ɗaya a kowane rukuni ya wuce kai tsaye. A rukuninmu Maroko ta riga ta yi gaba, ba wanda ya iya tare ta. Saura ƙofa guda: cikin ƙasashe tara da suka zo na biyu, huɗu mafi maki za su sake karawa tsakaninsu. Da yake Eritiriya ta janye daga rukuninmu, mu biyar muka rage, don haka za a cire wa sauran ƙasashe makin da suka samu kan na ƙarshen rukuninsu, a daidaita awo. Mena na da maki 12. In ta ci Zambiya ta samu 15, ta tabbata ta biyu, sai kuma ta zauna jiran abin da wasu za su yi.

Wani tela ya ce:

— Malam, wasu su wa?

— Burkina Faso, Kamaru, da Najeriya.

Nan fa dariya ta ɓarke, don rabin mutanen da ke zaune kan tabarmar ko dai uwa ƴar Ɓaɓura ce, ko mata ƴar Daura, ko shagon ɗan'uwa a Kano. Wani saurayi mai kabu-kabu ya ce shi kam ba ya da damuwa, ko wace ta wuce tasa ce. Wani dattijo, tsohon soja, ya harare shi ya ce:

— Yaro, wanda ke da uwa biyu yakan kwana da yunwa. Ran Lahadi Mena, ran Talata kuma ka yi abin da ka ga dama.

Sai aka shiga duba ƙungiyar. Masu ƙarfin zuciya na cewa tun da Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko, ya karɓi aikin horarwa a ƙarshen 2023, Mena ta daina tsoron baƙunta. Hujjarsu ba ta da wuyar samu. A Nuwamban 2024 mun lallasa Sudan 4 da babu, bayan kwana huɗu muka je Accra muka ci Gana 2 da 1 gaban jama'arta. A Satumban 2025 mun ci Tanzaniya 1 da babu a Zanzibar. Masu ɗari-ɗari kuwa na tuna 5 da babu da Maroko ta yi mana a Rabat cikin wannan wata na Satumba, suna cewa bayanmu kan buɗe in aka matsa, kuma in aka zo ƙidayar ƙwallaye wannan biyar za ta dawo ta cije mu. An daɗe ana ja kan ko a tsare gida a jira kuskuren Zambiya, ko a fita neman ƙwallo tun farko. Tsohon sojan ne ya rufe taro. Ya ce canjaras ba zai kai mu ko'ina ba, wanda ke neman shiga ta ƙofar da ake rufewa ba ya tafiyar hawainiya.

Gidan da ba gida ba

A nan zan koma ga tambayar Alhaji mai wake. Masu shekaru cikinmu na tune da ran 10 ga Oktoba na 2010, ranar da Masar, mai riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, ta zo filin Seyni Kountché na Yamai, Moussa Maâzou ya jefa mata ƙwallo ɗaya, ta koma da ita. A wancan share fage, ƙarƙashin Harouna Doula, Mena ta ci dukkan wasanninta uku na gida: Masar, Saliyo, Afirka ta Kudu. Ta kuma faɗi dukkan uku na waje. Makin nan tara da suka kai mu Gabon a 2012, duk cikin ranar Yamai da ihun jama'armu aka samo su. Haka a 2012 ɗin, a Yamai aka ci Gine 2 da babu aka samu tikitin gasar 2013.

To, a share fagen kofin Afirka na 2025 da na kofin duniya na 2026, ko wasa ɗaya ba a buga a ƙasar Nijar ba, don hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ba ta amince da filin Yamai ba. Wasanninmu na gida sun koma Marrakech, Berkane, Lome da makamantansu. Abin da ya fi ciwo shi ne na watan Maris na 2025: mu ne masu masauki, Maroko ce baƙuwa, amma a birnin Oujda na Maroko aka buga. Youssouf Oumarou ya fara ci mana, aka rama, aka ƙara mana ta biyu a mintocin ƙarshe. Duk wanda na zanta da shi a Magarya na da yaƙinin cewa da a Yamai aka yi wannan wasa, da aƙalla maki ɗaya ya zauna gida. Ba mai iya rantsuwa a kan haka, amma wanda zai ga inda lissafi ya tsaya daga baya zai gane abin da ya sa maganar ba ta mutu ba.

Ba nan kaɗai matsalar take ba. Ku dubi sunayen da suka mamaye gasar ƙasa a shekarun nan: ƙungiyar soja, ta jandarmomi, ta ƴan gadin ƙasa, ta duwan, ta kamfanin lantarki, ta kamfanin mai. Duk a Yamai suke, duk kuma ma'aikata ce ke riƙe da su. Ƙasar Damagaram kuwa sai ta waiwaya har 1984 kafin ta tuna shekarar da Espoir ta ɗauki kofin ƙasa. Yaron Magarya da ya iya taka leda, wa zai gan shi? In ya ɗaga kai, abin da ya fi kusa da shi shi ne filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, inda Kano Pillars, masu kofin Najeriya na 2008, 2012, 2013 da 2014, ke cika fili da jama'a. Ana iya barin Magarya da asuba, a ga wasan "Sai Masu Gida", a kwana Kano, a saro kaya, a dawo. Zuwa Yamai kuwa sai an yi guzuri.

A kokowa ba haka abin yake ba. Tun 1975 gasar takobi na zagaya jihohi, kowace jiha na da filinta, kuma ɗan kokowar ƙauye na iya tashi daga dandalin garinsu ya bi mataki-mataki har ya tsaya gaban shugaban ƙasa. Shi ya sa ba ka jin ɗan Magarya na goyon bayan ɗan kokowar wata ƙasa. Tsani aka kafa masa, ya ga inda zai taka.

Dungas

Ran Asabar na shiga motar ƴan kasuwa na yi gabas. Dungas tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, ita da Washa da Mirya, kuma sai a 2011 aka raba ta da Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo, Gushi da Malawa. Idon Dungas na kallon Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Shanu, tumaki da raƙuma na gangarawa, masara, siminti, man fetur da kayan masarufi na haurowa. Da iyaka ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya har zuwa Maris na 2024, garuruwan iyaka irin wannan ne suka fara ɗanɗana kuɗar, ta wannan gefe da ta wancan.

Masaukina kusa da wani gidan kallo yake. Rumfa ce ta kwano da zana, da bencina, da tele biyu, da faranti bisa rufi, da ƙaramin inji a baya. A ƙofa akwai allo inda ake rubuta wasannin rana da alli. Mai gidan, saurayi ne mai fara'a, ya yi min kuka cewa wannan mako kasuwa ta mutu, don an tsaida gasannin Turai saboda wasannin ƙasashe. Ya ce:

— Alhaji, ranar da Madrid ke wasa da Barcelona, sai na fitar da benci waje. Ranar Mena kuwa sai na yi ta neman tashar da za ta nuna.

Na tambaye shi ko zai rubuta wasan gobe a allo. Ya yi shiru, sannan ya ɗauki alli ya rubuta ZAMBIYA – NIJAR da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce ko hoto bai zo ba za a kunna radiyo, kuma ba zai karɓi kuɗin yara ba.

Ran Lahadi, bayan azahar, rumfar ta cika fiye da yadda ya zata. Na biya dala ashirin na zauna tsakanin wani mahauci da wani malamin asibiti. Hoto na zuwa yana ɗaukewa, masu waya na leƙa intanet suna faɗa wa na kusa, wani tsoho ya manna radiyo a kunne yana gyaɗa kai shi kaɗai. Aka tafi hutu ba ci. Da aka dawo, Daniel Sosah ya jefa ƙwallo. Ban taɓa jin rumfar kwano ta yi ƙara irin wannan ba. Mahauci ya rungume malamin asibiti, benci ya kife, yaran da ke leƙe ta zana suka kwasa da gudu cikin gari suna ihu. Sauran mintocin kuwa ba wanda ya zauna. Da alƙali ya busa, Mena na da maki 15, ita ce ta biyu a rukuni. A daren nan na ga masu rigar Chelsea da ta Super Eagles bisa babura suna zagaya gari suna kiran sunan Nijar.

Abin da Talata ta kawo

Ran Talata 14 ga wata na riga na koma Damagaram. A Uyo Najeriya ta ci Benin 4 da babu, Osimhen ya ci uku, ta huɗun ta shiga a mintocin ƙarshe. Da aka yi lissafin da ma'aikacin baitulmali ya zana mana, Najeriya na da maki 15, Burkina Faso 15, Nijar 15. Ƙwallaye ne suka raba gardama: Najeriya na da rarar bakwai, Burkina shida, mu ɗaya. Biyar ɗin Rabat ta dawo kamar yadda masu ɗari-ɗari suka faɗa, kuma maki ɗayan da ya kuɓuce a Oujda da ya isa ya ɗora mu bisa maƙwabtan nan biyu. Najeriya ta wuce, ita ma a watan Nuwamba Kwango ta Kinshasa ta fitar da ita da bugun fenariti a Rabat. Saurayin nan mai kabu-kabu, wanda ya ce ko wace ta wuce tasa ce, ya tashi ba ko ɗaya.

Kafin wasa na gaba

Yanzu ido na kan kofin Afirka na 2027 da aka ba Kenya, Uganda da Tanzaniya. Rabonmu da wannan gasa tun 2013. Ko da wa Mena za ta kara a wasanta na gaba, ga abin da ni mai kallo daga benci zan sa wa ido. Na farko, baya: ƙungiyar da ta iya cin Gana a Accra da Zambiya a Ndola ta nuna tana da zuciya, saura ta koyi cewa in rana ta ɓaci, faɗuwa da ɗaya ta fi faɗuwa da biyar, don ana ƙirga ƙwallaye kamar yadda ake ƙirga maki. Na biyu, gaba: kada nauyin ci ya rataya ga mutum ɗaya ko biyu. Na uku, wanda ya fi duka, fili: wasan gida a buga shi gida, kuma ranar da aka gyara na Yamai a tuna cewa Maraɗi ta karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019, Damagaram ma gari ce.

Sauran aikin namu ne. Magadan gari da shugabannin gundumomi na iya kewaye fili ɗaya a kowane gari kafin masu filoti su cinye shi. Mushen lakwal na iya maido da gasar makarantu. Alhazan Magarya da Dungas, waɗanda ke sa kyautar babur da buhun shinkafa a filin kokowa, na iya ɗaukar nauyin kofi ɗaya tsakanin ƙauyuka bayan girbi. Ɗan kasuwa ɗaya kuma ya gwada saro rigar Mena dozin biyu ya rataya a rumfa. Na ga mutanen da za su saye ta, na zauna benci ɗaya da su.

Da zan bar Dungas ran Litinin da safe, na bi ta ƙofar gidan kallon. Mai gidan bai goge allon ba. Ya dai ƙara lamba biyu ƙarƙashin sunayen: 0 – 1. Na ce masa gasar Turai za ta dawo ƙarshen mako, zai buƙaci wurin rubutu. Ya ce:

— Alhaji, zan sayo wani allo.

Allah ya kai mu wasa na gaba lafiya, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabta. Sai wani mako.